Ramar Kaka da Baƙar Ƙasar Aljirif

Ƙarfe huɗu da minti goma na yammacin wata Alhamis abin ya fara lalacewa. Na san lokacin daidai, domin agogon Baba yana rataye a ƙusa a bakin rumfa, ni kuma yarinya ce mai rubuta komai. Na duba agogon, na rubuta a bayan littafin makarantata, sannan na durƙusa na zura hannu cikin buhun baƙar ƙasa. Har yau idan na wuce inda aka jiƙa taki, warin nan mai ɗumi ya bugi hancina, tsakar gidanmu na Umbadda, a gefen Khartoum, nake komawa, ina da shekara goma sha biyu, ga gwangwanayen madara guda tara jere a kan katanga.

Rama ce a cikin gwangwanayen. Kada ka ɗauka irin wadda ake samu ko'ina ce. Jar rama ce, mai kara ja kamar an shafa masa lalle. Mahaifiyar Kaka ce ta ƙulla irin a bakin zanenta lokacin da suka taso daga yamma a ƙafa da niyyar hajji, hanya ta ƙare musu a Jazira, yankin manyan gonakin auduga, suka zauna suna tsinkar audugar mutane. Kowace damina sai su shuka ta a gefen gonar da ba tasu ba. Ganyen ya shiga kwaɗo, ɓawon kara kuma kakanmu namiji ya tufka igiya da shi. Angarib ɗin da Kaka ke kwana a kai, wato gadon katako mai saƙar igiya, da wannan ramar aka saƙa shi. Ta kan shafa igiyar ta ce mijinta ya rasu amma hannunsa na nan.

Da iyalin suka dawo Umbadda neman aiki, irin ya biyo su. Sai aka yi shekara biyu ruwan sama bai kai ya jiƙa komai ba, a ta uku kuma awakin maƙwabta suka tsallako suka cinye shukar tun ba ta yi fure ba. Abin da ya rage shi ne ɗan tsohon iri a ƙasan wata kwalbar magani, wanda bai cika tafin hannuna ba. A lokacin yanar ido ta riga ta rufe idanun Kaka. Tana bambance rana da inuwa, amma ba ta ganin fuska.

Mu bakwai ne yara a gidan, amma ni ta kira. Ni ce mara magana, mai ɓuya bayan randa da littafi idan an yi baƙi. Ta kama hannuna ta juye irin a ciki, ta naɗe yatsuna a kai.

"Ke ce ba kya zubar da abu," ta ce. "Ki ɗebo yashin kwari, ki haɗa da 'yar jar ƙasar bayan ɗaki. Ki sa a gwangwani, ki ɗora a katanga inda akuya ba ta kaiwa. Kada ki ƙara komai."

Haka na yi. Na shuka ƙwaya ashirin da shida, tara suka fito. Kowace safiya kafin in tafi makaranta sai in ƙirga ganye in rubuta. Na rubuta har da launin gindinsu, wanda ya fara yin ja-ja tun suna da ganye biyu. Da yamma nakan karanta wa Kaka abin da na rubuta, tana zaune bisa angarib tana gyaɗa kai kamar mai sauraron labarai a rediyo.

A wannan makon malamarmu ta kimiyya ta koya mana darasin taki. A littafin akwai zanen tsire biyu, ɗaya siriri a farar ƙasa, ɗaya ƙato a baƙar ƙasa. Na daɗe ina kallon zanen. Da na dawo gida na dubi gwangwanayena, na ga yashi fari fat, sai kunya ta kama ni. Na ɗauka talauci ne ya sa Kaka ta ce yashi, don ba ta san akwai abin da ya fi shi ba. Ba ta taɓa shiga aji ba, ni kuwa ina na ɗaya a namu.

Kawu, ƙanin Inna, yana aikin bulo a Aljirif, a bakin kogi, kuma duk Alhamis yakan ƙetaro ya kwana wajenmu. Sai da na yi ta juya maganar a baki kafin na iya roƙonsa ya kawo min ƙasa mai kyau.

"Ustaza ta koma noma?" ya ce yana dariya. "Kwayyis, da kyau. Zan kawo miki wadda ko tsintsiya kika dasa sai ta yi ganye."

Alhamis ta gaba ya zo da rabin buhu a kafaɗa. Masu bulo suna kwaɓa lakar kogi da kashin dabbobi, wanda suke kira zibala, don bulon ya ƙonu da kyau. Wannan kwaɓin ya ɗebo min, daga tarin da aka sauke a ranar, ɗanye, bai ruɓe ba. Kawu ya san bulo, bai san shuka ba. A wajensa babu ƙasar da ta kai wannan daraja, tunda ita ke ciyar da shi. Ni kuma, don kada in yi rabin aiki, na roƙo kashin tattabaru a gidan maƙwabta na daka na zuba a kai. Na ciro tsirrai tara ɗaya bayan ɗaya da cokali, ban tsinka saiwa ko ɗaya ba, na mayar da su cikin baƙar ƙasa. Kaka tana barcin yamma. Ban gaya mata ba. So nake wata rana ta shafa ganyen ta yi mamakin faɗinsa.

Kwana biyu suka yi kore shar, har koren ya yi duhu, ina ta murna a ɓoye. A rana ta huɗu bakin ganyen ya yi rawaya. A ta biyar ya koma ruwan ƙasa, ya bushe ya lanƙwashe, kamar an kusantar da shi ga garwashi. Wani farin gishiri ya fito a saman ƙasar. Na koma ga littafi, littafi ya ce rawayar ganye yunwa ce, sai na jiƙa sauran kashin tattabarun na ƙara musu. Washegari uku suka kwanta.

Da yammar nan na zauna gaban Kaka da littafina, na kasa karantawa. Ta jira. Can ta ce, "Kawo min gwangwani ɗaya." Ta sunsuna, ta tsinci ƙasar ta murza, ta ɗan taɓa a harshe ta tofar.

"Wa ya kai ramata Aljirif?"

Na sunkuyar da kai kan littafin. Hawaye ne kawai ke ɗiga a kan shafin, tawada tana narkewa. Na jira faɗa, ina ma roƙon ya zo, amma bai zo ba.

"Jaririn kwana bakwai kika ɗura wa tuwo," ta ce a hankali. "To, tashi. Kuka ba ya wanke ƙasa."

Ita ke faɗa, ni ke yi. Na ɗauki ƙusa na ƙara huda gindin gwangwanayen. Na riƙa zuba ruwa a hankali, yana fita ta ƙasa kamar baƙin shayi, na ci gaba har ya fara fita fari. Ka tuna a Umbadda ta wancan lokaci babu famfo a layinmu. Mai jaki ne ke kawo ruwa a ganga, abin da ya zuba a randa da safe shi ne na sha, na girki da na alwala har gobe. Inna ta tsaya tana kallon ruwan yana bin ƙasa. Ta dubi mahaifiyarta, ta juya ta koma kan aikinta. Ranar ba a yi wanki ba, ni kuma kwana uku na yafe ruwan wankana.

Waɗanda suka fi jin jiki Kaka ta sa na ciro su, na kaɗa saiwarsu a ƙwaryar ruwa har baƙar ƙasar ta saki. Saiwar da na sani fara ta koma ruwan ƙasa, tana tsinkewa da kanta. Na sake tafiya kwari na ɗebo yashi, na mayar da su inda suka fito, na sauke su daga katanga zuwa inuwar rumfa. Duk da haka biyu suka bi na farko, sannan ɗaya. Saura uku. Na daina fita wasa, wanda dama ba sosai nake yi ba. Ina dawowa daga makaranta sai in zauna gabansu ina kore kaji. Kawu da ya zo ya gani, ya cire hularsa ya riƙe a hannu, ya ce, "Malesh, yi haƙuri, ustaza," bai ƙara ko wasa ɗaya ba har ya tafi.

Abu na ƙarshe da na rubuta a wannan shafin shi ne: uku, ganye huɗu-huɗu, duk da ƙuna a baki, gindi ja, ɗaya ya ɗan miƙe. Daga nan aka yi ruwan sama, sauro ya tashi, zazzaɓi ya kayar da ni. Aka kai ni gidan Goggo a cikin Umdurman, kusa da asibiti, na yi kwana tara. An ce ko cikin zafin jiki ruwa nake ta cewa a zuba.

Ranar da aka dawo da ni, ko takalmi ban cire ba na nufi rumfa. Ga su nan su uku, tsaye, ganye shida-shida, babu tabo ko ɗaya. Na durƙusa ina dariya ina kuka. Sai daga baya na lura gindinsu kore ne.

"Ƙonannun ganyen ni na tsinke," Kaka ta ce daga kan angarib, tun ban tambaya ba.

"Jan fa?" na ce.

Kawu ne ya amsa, idonsa na kan kofin shayi. "Zafin zibala ne ya kore shi. Bulo ma haka yake canza launi."

Na yarda, domin ina so in yarda. Na dasa su a bayan ɗaki, suka wuce katanga tsawo, suka yi fure. Inna ta dafa ganyen ta kwaɗa da ƙuli, ta kai wa Kaka. Ta ɗauki loma, ta daɗe tana taunawa. Sannan ta juyo da fuskarta wajen da take jin numfashina ta ce, "Ita ce." Kafin damina ta zagayo aka ɗauke ta daga kan angarib ɗin zuwa makwanci.

Na tara irin a kwalbar maganin nan. Kowace shekara na shuka, na aje sabo. Na tafi da shi kwalejin malamai, na tafi da shi gidan aure a Khartoum, inda ba ni da tsakar gida sai baranda da gwangwanaye. Karan bai taɓa yin ja ba ko sau ɗaya. Da na zama malamar kimiyya ni ma, na san abin da ban so sani ba: taki yana ƙona ganye, yana kashe saiwa, amma ba ya canza abin da iri zai haifa. Na tambayi Kawu sau biyu, ya yi dariya ya ce ustaza ba ta gajiya da jarrabawa. Ya rasu bai faɗa ba. Inna kuwa duk lokacin da na ɗauko zancen sai ta aike ni duba wuta.

Yanzu famfo ya shigo layin, an shafe tsakar gidan da siminti, inda na dasa ramar an gina ɗaki. 'Ya'yan ƙannena suna kiran Inna habboba, wato kaka, kuma idan na kawo musu kwaɗo sai su tambaye ni da Larabci wane ganye ne wannan. Igiyar angarib ɗin ta tsinke tuntuni, an saƙe shi da ta roba, shuɗiya. A kansa Inna take kwana yanzu, ita ma idanunta sun fara dushewa.

Bara na kai mata ganye daga barandata. Tana tsinkewa a faranti, ina zaune a ƙasa kusa da ƙafarta, na ce, "Inna, ramar nan ta Kaka ce?"

Wannan karon ba ta aike ni ko'ina ba. Ta ci gaba da tsinkar ganyen har ta gama reshen da ke hannunta.

"Kwana biyu da tafiyarki asibiti suka mutu, duka ukun," ta ce. "Ita ta sa kawunki ya ciro wasu a wata gona a Aljirif, ni na dasa su a gwangwaninki. Na ce mata yarinyar nan tana rubuta komai, za ta gane. Ta ce ko ta gane, sai ta girma. Ta ce, iri dai ya tafi, ba ya dawowa. Amma in kuka gaya mata yanzu, hannun nan ba zai sake sa komai a ƙasa ba, ni kuma ba zan yi asara biyu a damina ɗaya ba."