Ranar da Na Ce wa Mai Kanti Galat

Shekara tara na yi a Jidda ba ni da iƙama, wato takardar izinin zama, kuma ƙa'ida ɗaya na riƙe duk tsawon lokacin: sunana ba ya shiga takarda. Da bizar umra na shigo, na ƙi komawa. Na kama ɗaki a unguwar Bani Malik, ina tuƙa tuwo da dambu ina sayar wa 'yan'uwa leburori. Ko sunayen masu zuwa walima ake rubutawa, sai na tambayi wanda zai ajiye takardar bayan an watse.

Layin wayata ma ba da sunana aka yanke shi ba. Maƙwabciyata ce ta yankar mini da katinta. Ita haifaffiyar Jidda ce, kakanta ne ya zo aikin hajji ya zauna. Tana aiki a wani asibitin haƙori a Bagdadiyya, takardunta cif. Hausarta rabi da rabi ce, sai ta ɗauko magana da Hausa ta sauke ta da Larabci, kuma Khala take ce mini, wato inna.

A shekarar da nake ba da labari masu talla suka sako ni gaba. Ina tsakiyar tuƙi, hannu duk gari, waya ta yi ƙara. In na ɗauka sai in ji murya mai laushi tana gaishe ni kamar na haife ta. Wannan kujeru yake sayarwa, waccan na'urar tace ruwa, wani kuma ya ce wai na ci kyauta, ni da ko gasar tsalle ban taɓa shiga ba. Tallar ba ta dame ni kamar tambayar da ke biyo bayanta ba: a wace unguwa kike? Ni kuwa na ga yadda masu kame suka kwashe mutanen wani gida a layinmu da rana tsaka, aka mayar da su gida ko tukunyarsu ba su sauke ba. Ban taɓa samun shaidar cewa waya ce ta tona su ba, amma ban samu shaidar cewa ba ita ba ce.

Wata tsohuwa a gidanmu ta koya mini magani. Duk muryar Balarabe da ban sani ba, in ce "galat", wato an yi kuskuren lamba, in kashe. Na riƙe kalmar nan har ta fi sallama saurin fita a bakina.

Wata Juma'a maƙwabciyata ta shigo ta tarar ina faɗa da waya.

"Khala, ai akwai tsari yanzu," in ji ta. "Ki kawo in sa lambarki cikin waɗanda ba a kira da talla. Saƙo ɗaya ne bas, halas, kin huta."

"Wa ke riƙe da jerin?"

"Kamfanin layin."

"Su masu tallar a ina suka samu lambata tun farko?"

Ta ɗaga kafaɗa.

"To kin gani. Wanda ya raba lambata shi zan je in ce wa, ga ni nan, ina raye, ina Bani Malik, don Allah kada a kira ni?"

"Wallahi ya Khala, ba wanda ya tambayi unguwa. Kuma layin da ismina yake, sunana ne a kai."

"Shi ya sa. In suka duba suka ga mai aikin asibiti tana hira da leburori arba'in kullum fa? Ni a ɗauke ni, ke a tuhume ki."

Ta yi dariya ta ce zargina ya fi na ɗan sanda. Na ce na ji, a bar mini kayana yadda yake. Har cikin raina na ɗauka jerin nan tarko ne, na kuma ji daɗin kaina da ban faɗa ba.

Ana haka yayata ta kira daga Kano ta ce Allah ya yi, za ta zo umra. Ita ta raine ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, kuma rabona da ganin fuskarta tun a filin jirgi ranar da na taho. Makka ba nisa, amma akwai shingen bincike a hanya, marar takarda ba ya wasa da shi. Don haka muka yi shawara: ranar komawarsu za a tsaya da su a kasuwar Bab Makka da ke nan Jidda su sayi tsaraba kafin a wuce filin jirgi, za ta kira ni in zo. Awa biyu ko uku ne, kuma su kaɗai gare mu, domin ni ban san ranar komawata ba, ita kuma ba ta da halin zuwa na biyu.

Yaya ba ta da layin nan ƙasar. Da suka isa Makka da wayar wata abokiyar tafiyarta ta kira ni sau biyu. Na adana lambar, na sa mata suna, na ce in dai wannan ce ta fito zan ɗauka ko ina wanka. Ranar tashinsu ce ba a tsayar ba, yau a ce Talata, gobe a ce Alhamis.

Na saya mata atamfa da turare da dabino, na ɗaure a jaka na ajiye a bakin ƙofa. Ranar Laraba da hantsi masu talla suka kira sau biyu. Bayan azahar waya ta sake ƙara, baƙuwar lamba. Namiji ne, Balarabe, da ladabi irin nasu. Ya yi sallama, ya ce, "Ya Hajja, kina ina yanzu? Wace unguwa?" A bayansa ina jin hayaniyar kasuwa. Na ce galat, na kashe. Ya sake kira, na ƙi ɗauka. Da ya kira na uku sai na tsorata, domin mai talla ba ya naci haka. Na ce lallai wannan ni yake nema. Na kashe wayar gaba ɗaya, na tura ta ƙarƙashin katifa, na zauna ina sauraren ƙarar motoci a layi har la'asar ta wuce. Da na kunna babu kira daga lambar abokiyar tafiyar, sai na yi hamdala, na ce ashe ban rasa komai ba.

Washegari shiru. Ranar Juma'a da safe aka kira ni da lambar Najeriya.

"Mun sauka lafiya," in ji Yaya.

Na tambaye ta yadda aka yi. Ta ce an raba su jirgi biyu, mai wayar ta tafi tun Talata. Da aka sauke su a Bab Makka sai ta shiga wani kantin yadi, ta miƙa wa mai kantin takardar da ta rubuta lambata, ta roƙe shi da hannu da ido. Mutumin kirki, in ji ta, har kujera ya ba ta da ruwa. Ita ta ce ya fara magana, don ya ji kwatance ya faɗa mini inda kantin yake.

"Ina tsaye kusa da shi," ta ce. "Na ji muryarki ta fito. Kalma ɗaya kika faɗa, amma na gane ki. Na ce masa ita ce, ƙanwata ce, ya sake kira."

"Yaya, ki yafe mini."

"Me kika yi? Tsoro ne. Na zauna har direba ya yi hon, ina kallon duk macen da ta shigo."

Daga Bani Malik zuwa Bab Makka, in hanya ta yi kyau, ko shinkafa ba ta nuna ba ka isa. Na yi kuka ranar irin wanda ban yi ba tun zuwana ƙasar. Haushin masu talla na ji, da na tsohuwar da ta koya mini kalmar, amma na kaina ya fi, domin da an rage mini kiran banza da wataƙila na tsaya na ji ƙarshen maganar mutumin.

Da yamma maƙwabciyata ta dawo daga gidan surukanta. Na miƙa mata wayar. Ta dubi jakar da ke bakin ƙofa, ta dube ni, ta danna abin da za ta danna. Ko minti ɗaya ba a yi ba.

"Ba su tambayi suna ba?" na ce.

"La, Khala. Ba su tambayi komai ba."

Kiran ya ragu sosai, ba wanda ya zo kama ni, ba wanda ya tuhume ta. Jakar kuwa sai da ta yi wata huɗu a wurin kafin na samu mai tafiya Kano. Lambar mai kantin tana cikin wayata har yau. Na taɓa zuwa na tsaya a ƙofar kantinsa, na ga kujerar roba fara a gefen yadudduka, amma ban iya shiga na ce masa ni ce ba.