Lasifikokin Gwani

Shi ya raɗa wa kansa Gwani, kuma da yake ba mai lokacin musu da shi, sunan ya bi shi. Kafinta ne, shekara talatin da bakwai yana tsaye a kan injin yanka katako. Aikin hannu kam ba a raina masa: in ya haɗa ƙofa, sai dai gini ya rushe ya bar ta. Amma ba da ƙofa yake taƙama ba, da kunne yake yi. A faɗarsa, ƙwanƙwasa ɗaya zai yi wa katako ya gaya maka ko gara ta taɓa shi, in kuwa aka sa kiɗa, zai ware maka kowace tsirkiya daban.

Abin da kowa ya sani ban da shi, injin nan ya daɗe da cinye kunnen. A wurinsa mutane ne suka koma magana ciki-ciki, rediyon zamani kuma duk jabu ne. Huɗu ya canza cikin shekara uku, kowanne ya zage shi tas kafin ya jefa shi ƙarƙashin gado. Girman kai dai rawanin tsiya, shi kuwa nasa ya naɗu da kyau.

Matarsa ce ke shan wahalar. Tana da hawan jini, jiri yakan kwashe ta. Wata rana da hantsi ta faɗi a banɗaki, ta yi ta kiransa har muryarta ta dishe, shi yana falo, bango ɗaya tsakaninsu, yana goge ƙafar kujera. Maƙwabciya ce ta jiyo ta ta katanga. Matar ba ta gaya masa ta kira shi ba, 'yarsu kawai ta gaya wa, wadda ke aikin jinya a wani gari mai nisa. 'Yar ta aiko kuɗi, ta kama masa rana a asibitin kunne, a duba shi a sa masa na'urar ji.

Ranar ta zo. Gwani ya sa sabuwar riga, ya wuce ƙofar asibitin ko waiwaye babu, ya shige kantin kayan sauti.

Mai kantin ya kai shi wani ɗaki mai kafet da labule mai kauri. Dogayen lasifikoki na tsaye jere a ƙasa, wasu sun kai masa ƙirji, ga kujera ɗaya a tsakiya.

“Baba, zauna nan ka saurara. Faɗa min girman falonka, sai mu ga wadda za ta dace.”

Ina! Gwani bai zauna ba. Ya zaga bayan ta farko ya ƙwanƙwasa.

“Garin katako ne aka matse.”

Ya shinshina ta biyu ya taɓe baki. Ta uku ya bi kusurwarta da farce, ya rungume ta ya jinjina, jijiyar wuyansa ta miƙe.

“Yauwa! Wannan ita ce sauti.”

“Ai ba a kunna ta ba tukuna, Baba.”

“Na ji ta. Kai yaro ne.”

Mai kantin, mai furfura a gemu, ya haɗiye maganar. Ya yi bayani duk da haka: ta yi wa ƙaramin falo girma, a bar mata tazara daga bango, kada a taɓa bayanta. Ana ga yaƙi, Gwani na ga ƙura, yana can yana shafa ƙyallin katako. Ya ɗauki guda biyu.

Matarsa ta ga masu dako suna nishi a ƙofar falo, ta ɗaga murya yadda ta saba.

“Malam, me likitan ya ce?”

“Likita? Wa ya ce miki ba ni da lafiya? Kayan gidan nan ne ba su da lafiya, ga maganinsu.”

A gida ne ya gano aibin. Kowace lasifika da rami a bayanta, hannu zai shiga. Ran Gwani ya ɓaci. Shi a saninsa, akwati mai rami aikin malalaci ne, gidan ɓera kawai. Ya kwance bayan don ya gani, sai ga ciki cunkushe da auduga.

“Ɓarayi! Sun cika ta da tsumma!”

Ya kwashe audugar kaf, ya yanko katako daidai ramin, ya shafa gam ya toshe, ya goge har ba ka gane wurin. Aiki ya yi kyau, wannan ba ƙarya. Ƙanin matarsa, mai gyaran rediyo, ya shigo ya tarar, ya dafe kai.

“Yaya, me ka yi? Ta ramin nan take numfashi! Audugar kuma ita ke hana ta kuwwa!”

“Na sani, ai shi ya sa na gyara,” in ji Gwani, ya tura su ya manna da bango.

Ranar Asabar da la'asar ya tara mutane: abokan sana'a uku, maƙwabci, da ƙanin matar. Aka kunna kiɗa. Sautin ya fito kamar ana buga shi a cikin durom, ba nauyi, sai kuwwa. Baƙi suka kalli juna. Gwani na zaune a tsakiya, ido lumshe, yana kaɗa kai, kiɗa na gabas shi yana yamma.

“Kun ji tsirkiyar nan ta ƙasa? Ba kowane kunne ke kama ta ba.”

“Sai Gwani,” in ji ɗaya, yana cije leɓe.

Yabon ya hau masa kai. Ya zaro waya, ya ce ɗazu 'yarsa ta aiko saƙon murya, bai buɗe ba don lasifikar waya ta yara ce. Ya miƙa wa ƙanin matar ya haɗa, ya murɗa sauti har ƙarshe da hannunsa. Muryar ta cika falon, ta fita har titi.

“Baba, asibiti sun ce ba ka je ba. Don Allah, Baba. Ranar da Umma ta faɗi, kai ta yi ta kira, kana falo ba ka ji ba. Ta hana ni faɗa maka don kada ka ji kunya. In ta sake faɗuwa ba kowa kusa fa? Ni tsoro nake ji.”

Daga nan kuka ya ci ƙarfinta, saƙon ya yanke.

Matar na tsaye a bakin ƙofa da tiren kofuna. Gwani ya bi fuskokin da kallo, baki har kunne.

“Kun ji murya tas? Har dariyarta ta fito!”

Maƙwabcin ya fara laluben takalmi, sauran suka bi shi ɗaya bayan ɗaya. Matar ta ajiye tiren, ta ɗauki fensirin da ke maƙale a kunnen Gwani, ta jawo guntun katakon da ya rage daga toshe ramin. Ta rubuta abin da 'yarsu ta faɗa a kai, ta ɗora masa a cinya, ta shige ɗaki.

Ya karanta sau biyu. Ya buɗe baki zai yi borin kunya, ya ga ba kowa sai ƙanin matar.

“Sake sa min,” ya ce, a hankali.

Aka sake sawa. Gwani ya tashi, ya manna kunnensa da lasifikar, ya juya ɗayan kunnen. Sannan ya ɗora tafin hannu a kan katakon nan mai kyau. Wata 'yar rawa ya ji a ƙarƙashin yatsunsa, tana zuwa tana tsayawa, kuma bai san a ina 'yarsa ta ce Baba ba.