Man Keken Inna

Inna ta rasu ta bar keken ɗinkinta da rabin rigata a ƙarƙashin allura. Ban yi kuka ba. Mata sun cika gidanmu na Argungu suna ta gaisuwa, ni kuwa amin kawai nake cewa, ban jin komai.

Abu guda na riƙe: kada keken nan ya yi tsatsa, kada a taɓa ɗinkin da ta bari. Kusa da gulbi muke, da damina ko wuƙa ka ajiye kwana uku sai ta yi ja. Kowace Juma'a nakan ga Inna tana ɗiga masa mai daga wata 'yar kwalbar man gyaɗa. To, sai na ci gaba. Kwalba ta ƙare, na shiga madafa na cika ta. Wata bakwai ina haka.

Ranar da na ce bari in ɗan juya shi da hannu, ya ƙi. Ko motsi.

Na naɗe kan keken da zane, har da rigar, na shiga mota zuwa Birnin Kebbi, wurin wani tsoho Bayarabe a unguwar Nasarawa wanda ke yi wa Inna gyara tun ina goye. Ya buɗe, ya lakato da yatsa, ya sunsuna.

"Ɗiyata, mi kinka zuba mishi?"

"Man gyaɗa, Baba. Irin na Inna."

"Kai! Kwalbar ce kawai ta man gyaɗa. Man keke ne ciki, fari, mai ruwa-ruwa, wurina take saye. Man girki daskarewa yake kamar ƙaro, ya kama ƙura da zare."

Wato ni, sarauniyar iyawa, da hannuna nake liƙe shi kowace Juma'a.

Ya ce sai an jiƙa shi da kananzir, kuma dole rigar ta fita. Allurar ta maƙale a cikin yadin, daidai inda Inna ta tsaya. Ya miƙo mini almakashi. Na yanke zaren. Ban ji komai ba, sai yunwa.

Bayan kwana biyu na koma. Ya ɗiga farin mai a kowane rami, ya ɗora kan a tebur, ya taka. Ƙarar nan ce ta ɗinkin Inna bayan la'asar, sak.

Na waiwaya in gaya mata an gyara.