Farha da Hula ta Goma

Shekara talatin da ɗaya Farha ta yi tana kallon majami'armu ta Yahudawan Rangun daga benen mata, har ta fi sanin mazan da ƙeyarsu fiye da fuskarsu. A wurinmu ba a nuna mutane da yatsa a ƙirga su kamar awaki, saboda haka huluna take ƙirgawa. In sun cika goma, a buɗe akwatin Attaura a yi addu'ar jam'i. In tara ne, kowa ya yi tasa cikin ransa ya kama gabansa. Mace ba ta shiga lissafi, ko da su ɗari ne a benen.

Lokacin da aka kawo ta amarya daga Mandalay babu mai wahalar ƙirga, don har bakin ƙofa mutane suke tsayawa. Yaƙi ya zo, aka watse zuwa Kalkata, wasu suka dawo, wasu ba su dawo ba. Daga baya jiragen ruwa suka dinga kwasar sauran, gida-gida. Malaminmu na ƙarshe ya bi 'ya'yansa, aiki ya koma hannun duk wanda ya yarda ya ɗauka. Mai shagon yadi ya ja addu'a, mai gyaran agogo ya karanta Attaura da muryarsa ta tsohon zakara. Mai tattaro mazan duk Juma'a don addu'ar Asabar shi ne mijinta Nissim, mai sayar da tabarau.

Nissim mai gaskiya ne, amma gaskiyarsa kaushi gare ta. Wata Asabar, shekara goma sha biyu baya, ya hangi Heskel, wani dillalin shinkafa, yana saukowa daga keken haya a kwanar titi, alhali ranar Asabar da ƙafa ake zuwa. Ya bari sai da mutumin ya shigo ya yafa mayafin addu'a, sannan ya ce a gaban kowa, "Wanda keke ya kawo, a ƙirga keken, ban da shi." Aka yi dariya, don a lokacin akwai rarar maza. Heskel ya ajiye mayafin ya fita, bai sake tako ƙofar ba.

Da Nissim ya rasu ba wanda ya naɗa Farha a gurbinsa. Juma'ar farko bayan kwana bakwai na zaman makoki, sai kawai ta ga kanta ta ɗauki baƙar laimarsa ta fita. Ta san matakalar kowane gida da ƙaryar kowane maigida. Mai ciwon gwiwa ta ce masa ai gwiwar ba ta hana shi zuwa kallon tseren dawakai ba. Mai yawan barci ta yi masa alkawarin ƙwai biyu daga tukunyar hamin, shinkafa da kazar nan da ke kwana a kan garwashi. Suna ce mata jarababbiya a bayan ido, kuma suna zuwa. Ita kuwa in ta dawo gida sai ta zauna a kujerar Nissim ta tausa ƙafafunta, kewarsa na cinta.

Ranar cikar Nissim shekara da rasuwa ta faɗo Asabar. A ranar ake masa Kaddish, addu'ar mamaci, wadda ba ta yiwuwa sai da maza goma. Ba su da ɗa namiji, 'yarsu guda tana can ƙasar waje, a Sidni. Menashe mai shagon yadi, wanda Nissim ya koya wa karatu tun yana saurayi, shi ya yi alkawarin tsayawa a madadin ɗa. Tun wata guda Farha ta tabbatar da mutanenta goma. Ranar Talata na goman ya shiga jirgi da iyalinsa, ko sallama bai yi mata ba don kunya.

Ta bi otal-otal ko za ta tsinci baƙon Bayahude ɗan kasuwa. Ta je bakin tasha ta tambayi masu jirgi. Babu. Da Juma'a ta zo, sunan mutum ɗaya ya rage a garin nan, kuma ta san sunan tun ranar Talata.

Heskel yana zaune can unguwar Kemmendain, tafiyar sa'a biyu a ƙafa ga mai lafiya. Ta same shi a baranda yana ba matarsa kunun shinkafa a cokali, don ɓarin jikinta ya shanye. Shi ma ƙafafunsa sun kumbura, ba sa shiga takalmi.

"Matar Nissim," ya ce, bai ɗago ba. "Wa ya mutu kuma?"

"Ba wanda ya mutu, Yaya Heskel. Gobe shekararsa. Mu tara ne."

"Ku tara? Har da ke?"

"Su tara."

Ya goge wa matar baki da gefen zani. "Wato an ƙare mutane, an dawo kan keke."

"Ka zo yau kafin rana ta faɗi, ka kwana gidan ɗan'uwana, yana bayan majami'a. Da safe taku ashirin ne."

"Ita fa? Wa zai juya ta? Ke?" Ya nuna ƙafafunsa da cokalin. "Dubi nan. Da safe maƙwabciya kan zauna da ita sa'a biyu, iyakarta ke nan. In zan zo, a keke zan zo. Ki faɗa da bakinki, Farha. Ki ce, Heskel, hau keke ranar Asabar ka zo a yi wa Nissim addu'a. Ina so in ji."

Shekara talatin Farha ta kwana ta tashi da dokar Nissim, ta ga ya yi tafiya cikin ruwa har gwiwa da zazzaɓi a jikinsa don kada ya hau abin hawa ranar Asabar. Ta tsaya tana murza hannun laimar.

"Ba zan iya faɗa ba," ta ce. "Amma mu tara ne."

"Su tara," ya gyara mata, ya ci gaba da ba da kunu.

Asabar ta waye da yayyafi. Farha ta hau bene ita kaɗai, ta leƙa ƙasa. Hula tara. Menashe ya ja farkon addu'a a hankali, yana jan kowane layi, yana satar kallon ƙofa. Aka iso inda ba a wucewa sai da goma, aka tsaya. Mai gyaran agogo ya yi tari. Wani ya fara zancen tsadar kifi, aka harare shi.

Sai ta ji ƙararrawar keke. Ta tagar bene ta hango Heskel a tsallaken titi, bai ma ɓoya a kwana ba. Yana zaune a kujerar gefen keken cikin farin kwat da ya yi masa yawa, da silifa a ƙafa, ruwa na sauka a kafaɗarsa. Bai sauko ba. Jira yake a kira shi.

Ta daɗe riƙe da katakon tagar. Ta roƙi Nissim gafara a zuciyarta, ba ta ma san a kan wanne ba, kiran ko rashin kiran. Sannan ta sauko, ta tsallaka titi babu laima, ta miƙa wa tsohon hannu.

"Sauko, Yaya Heskel. Ana jiranka."

Taku-taku ta kawo shi bakin ƙofa, ta sake shi, don nan ne iyakarta. Ta koma bene tana haki, ta leƙa. Goma. Hawaye ya cika mata ido, rabonta da jin sanyi a ƙirji irin wannan tun kafin rasuwar.

Menashe ya juyo ya ga wanda ya shigo, ya kalli jiƙaƙƙen kwat ɗin, ya kalli keken da ke tsaye a waje ta buɗaɗɗiyar ƙofa. Fuskarsa ta canza.

"A keke ya zo," ya ce.

"Menashe, don girman Allah ka ja addu'a," mai gyaran agogo ya ce. "Wa ya tambaye ka?"

"Ina nan ranar da Baba Nissim ya yanke hukuncin nan. Ba zan yi masa addu'a a kan abin da ya hana ba." Da gaske yake, kuma ya fi kowa son marigayin. Ya ɗaga kai sama wajen bene. "Inna Farha, ki yafe mini. Ke ma kin san abin da zai ce."

Ta sani.

Menashe ya zare mayafinsa ya ajiye a kan benci, ya wuce ta gefen Heskel ya fita cikin ruwa. Heskel ya lallaba ya zauna a tsohon wurinsa, inda ba wanda ya zauna shekara goma sha biyu, ya buɗe littafi yana neman shafi.

Farha ta jingina da katakon bene ta sake ƙirga hulunan, daga dama zuwa hagu, sannan daga hagu zuwa dama. Tara.