Cek ɗin da Na Ba Maroƙi

Ni dai ban taɓa haura katangar kowa ba. Da biro na yi tawa satar, ni da ko aji uku ban ƙare ba a firamare. Kafin nan dillalin shinkafa ne ni a kasuwar Birnin Kebbi: in haɗa mai saye da mai kaya, a ba ni la'ada, in ci tuwo da kifi, in yi barcina har da minshari. Cutata ƙarama ce a lokacin. In ina awo sai in ɗan nutsa babban yatsa cikin mudu, in ce wa zuciyata ai ƙwaya kaɗan ce. Yara, ku riƙe wannan yatsan, daga shi aka fara.

Da aka ba mu jiha sai ma'aikata suka kwararo daga Sakkwato, kowa da iyalinsa, kowa da tukunyarsa. Na kama shago wajen unguwar Gesse ina sayar musu da shinkafa. Wani ya ce mini babban ɗan kasuwa ba ya yawo da kuɗi a aljihu, sai na je banki na buɗe asusu, aka miƙo mini littafin cek. Na daɗe ina koyon sa hannu a kan rairayi, har na samu wani zane mai lanƙwasa kamar ƙugiyar kamun kifi. Ranar da na iya shi, ko gaisuwar tsofaffin abokaina da ƙyar na amsa.

Mai ba ni kaya shi ne Baba Umaru na Argungu. Ba attajiri ba ne. Jarinsa duka sunansa ne: manoman Augie su ɗora masa buhuna ba takarda ba shaida, in ya sayar ya kai wa kowa nasa. Ranar da na fara miƙa masa cek ya juya shi gaba da baya ya ce, "Wagga 'yar takarda ita ce kuɗɗin?" Na ce ita ce, Baba, zamani ya zo. Asusun babu komai ranar, amma kafin takardar ta kewayo daga Argungu zuwa Birnin Kebbi ma'aikata sun biya ni, na zuba, ta wuce lafiya. Nan na gano ana iya cin kuɗin da ba a samu ba tukuna. Na yi na biyu, na yi na uku. Daga baya ma sai na ga zuba kuɗin wahala ce. Na sayi babur, na ɗinka babbar riga mai aska, na sayi hular da ta fi kaina tsada.

Sai ranar babban ciniki. Na tafi Argungu ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, don na san banki ba zai ga takardar ba sai wani mako. Baba Umaru ya cika mini mota da shinkafar mutanen Augie. Da ina da hankali da na ja shi gefe na rubuta a ɓoye. Ina! Na ga Sanda maroƙi yana wucewa da mai kalangunsa, na yafito shi. Na hau kan buhu, na baza riga, na zaro biro. Sanda ya buɗe murya: "Mai biro, ɗan gidan banki! Wasu na ƙirga kuɗi, kai kana zana su!" Kasuwa ta taru, masu kifi suka bar kifinsu. Na zana ƙugiyata a hankali don kowa ya gani. Daɗi ya kwashe ni, na yage wani cek ɗin na manna wa Sanda a goshi.

Duka biyun banki ya maido su.

Baba Umaru ya yi ta sintiri a shagona, kullum in ce Litinin mai zuwa. Bai taɓa zagina ba. Rannan dai ya ce, "Ɗana, ba kuɗɗin ad damuwata ba. Can Augie ana hwaɗin baki muka haɗa da kai muka cinye." Ya sayar da injin ban ruwansa da shanun nomansa ya biya manoma, amma zancen bai mutu ba. Daminar da ta biyo ko buhu ɗaya ba wanda ya ɗora masa. 'Ya'yansa ne suka matsa aka kai ni ƙara, 'yan sanda suka shigo ciki, muka tsinci kanmu a babbar kotu a Birnin Kebbi.

Dabarata ɗaya ce: in ce sa hannun ba nawa ba ne, an sace mini littafin cek. Na faɗa wa lauyana haka, na faɗa wa alƙali haka, har da dafa ƙirji. Sai aka kira mai shaida. Ina waiwayawa na ga Sanda, mai kalangu na biye da shi. Alƙali ya ce a bar ganga waje. Sanda ya ce, "Ranka ya daɗe, ni da kaina na yi mashi kirari yana zanawa. Ga ma tawa ladar." Ya ciro nasa cek ɗin daga cikin hula, duk ya sha gumi. Ashe tun da banki ya kore shi ya juya kirarin ya koma zambo, yara na rerawa har bakin gulbi: mai biro, asusu fayau, riga ta fi mai ita nauyi. Ya fara rerawa, alƙali ya buga tebur, amma na ga kafaɗun alƙalin na rawa don dariya.

Sai alƙali ya sa aka ba ni farar takarda ya ce in sa hannu. Na yi niyyar in canza, wallahi na yi niyya. To amma ni rubutu ɗaya na iya a duniya. Hannuna ya tafi da kansa ya zana ƙugiya, kyakkyawa, ta fi ta ranar kasuwa. Lauyana ya rufe fuska da takardunsa. Aka yanke mini ɗauri, aka ce kuma bashin yana nan a wuyana.

Gidan yari ba wurin dariya ba ne, kada labarina ya ruɗe ku. Gabza, kwarkwata, zafin Kebbi cikin ɗaki ɗaya da mutum ashirin. Amma abin da ya fi ci na shi ne maganar Baba Umaru. Ni na ci shinkafa, shi aka bari da sunan ɓarawo. Can na koyi sallah a kan lokaci, na kuma koyi sauran baƙaƙen da na gudu na bari a firamare.

Da na fito, babur ya tafi wajen biyan lauya, shago ya zama na wani. Rigar nan kawai ta rage. Na sayar da ita na nufi gidan Sanda. Yana ganina ya ce, "A'a, mai biro! In takarda ce ka kawo, koma da abarka." Na zube masa kuɗi a tabarma. Ya ƙirga, ya sake ƙirgawa, ya ɗaga kowace takarda ya duba ta a rana.

Ranar kasuwar Augie muka je, na roƙi Baba Umaru ya biyo mu bai san dalili ba. Na hau kan buhu kamar wancan karon, sai dai yanzu da 'yar shara. Kalangu ya tashi, Sanda ya yi shela: ga wanda ya cinye shinkafarku, shi kaɗai, Umaru bai ci ko ƙwaya ba, injinsa da shanunsa ma sun tafi a kan amanarku. Na ce haka ne, ku zage ni. Suka kuwa zage ni, mata na guɗa, yara na rera zambona, ni ma na kama amshi don waƙar akwai daɗi. Wani tsoho ya ratso taron ya kama hannun Baba Umaru ya ce, "Umaru, buhu goma na nan gida. Aiko a ɗauka." Wani ya ce nasa shida. Baba Umaru yana dariya yana share ido da bakin rawani. Ya dube ni ya ce, "To ɗan banki, wa za shi ɗauko su?"

Ni na ɗauko su, a ka. Haka na yi ta yi masa dako har bashin ya ƙare, kuma ban taɓa jin tuwo ya yi mini daɗi kamar na shekarun nan ba.

Saboda haka yarana, ku cire yatsa daga mudu tun yana yatsa. Kada ku rubuta wa mutum abin da ba ku ajiye ba, don wanda kuka cuta ba shi kaɗai ba ne, akwai waɗanda suka yarda da shi a bayansa. Ni yanzu jikokina kan kawo mini biro su ce Kaka zana mana ƙugiya. Ina zana musu, amma a ƙasa, inda akuya za ta bi ta share.