Ƙwan Lantarkin Zauren Baba

Ba na saka ƙwan lantarki sai na goga masa ɗan basilin a wuya, kuma ba na matse shi da yawa. Mijina dariya yake yi, wai ina shafa wa ƙwai mai kamar jinjiri. Ya yi ta yi, shi bai ga abin da na gani ba.

A gidanmu na Kusada ba a kashe makunnin zaure. A kunne yake kwana, a kunne yake wuni, don ƙwan zauren shi ne mai yi mana albishir in an kawo wuta. A wata damina injin wutar unguwarmu ya ƙone, aka ɗauki watanni babu ko ƙyas, har muka daina ɗaga kai. Rufin kuwa yana yoyo daidai wurin.

Wata rana na zo daga Kankiya gaishe da iyayena da hantsi, bayan an sha ruwan safe, na tarar Baba ya kifa turmi a tsakiyar zaure zai canza ƙwan, don ya ji ana cewa gyara ya kusa. Tsatsa ta riga ta haɗe ƙwan da gidansa. Yana murɗawa gilashin ya ɓalle a hannunsa, ƙarfen ya maƙale a ciki. Baba malami ne mai haƙuri da ɗalibai, amma ba ya haƙuri da abin da ya ƙi motsi. Ya ce in miƙo masa filaya.

Na roƙe shi ya bari in kashe makunnin tukuna. Na danna, ya ƙi, shi ma ya cije. Na dubi turmin, a jiƙe yake. Ƙafarsa ba takalmi, hannunsa na hagu kuma yana dafe da bangon da ya sha ruwa.

"Baba, don Allah ka sauko."

"Ke ɗiyar nan, mi kike tsoro? Wutar da ta mance da mu?"

Ya cusa bakin filayar cikin ƙarfen yana ta kokawa. Ni dai ina tsaye ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina, kunnena yana waje. Sai na ji rediyon maƙwabta ya kama magana shi kaɗai, yara suka ɗauki ihu a bakin hanya.

Baba bai yi ƙara ba. Jikinsa ya sandare, wuyansa ya miƙe, sannan turmin ya goce ya faɗo a kan tabarma. Na durƙusa kusa da shi na kasa taɓa shi, ina tsoron wutar tana jikinsa har lokacin. Inna ce ta fito da gudu daga cikin gida, ta ture ni, ta kara kunnenta a ƙirjinsa. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan shirun ba. Can ya ja numfashi da ƙyar.

Ya tashi, bayan jinya a Kankiya. Sai dai yatsunsa na dama ba su ƙara lanƙwashewa ba. Ya ce shi ba zai kai hagu bakinsa ba bayan ya tsufa yana hana yara. Har ya rasu, Inna ce take ba shi tuwo a baki.