Ranar da Muka Sauko da Jirgin Yaya

Ko da tsufa zai sa in riƙa rikita sunayen jikokina, ba na jin zan manta ranar da na fara tayar da jirgin Yayana a wani fili da ke hanyar Roni.

Yaya mai gyaran rediyo da talabijin ne a Kazaure, ni kuma tela. Da girmansa ya kamu da son ƙananan jiragen nan da ake tuƙawa da rimot daga ƙasa. Ya tayar da wasu, ya karya wasu, har ya ƙera wani babba da farin soson da ake tokare firij da shi a kwali. Ni dai tawa tsokana ce. Duk lokacin da na leƙa shagonsa sai na ce, "Yaya, yaushe za a fara jigilar alhazai?"

Bai samu ya tayar da shi ba. Ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi, hannun dama ya daina motsi, magana ta yi nauyi. Da magani ƙafa ta ɗan dawo, amma zuciya ta ƙi. Ya rufe shago ya shige ɗaki, ko masu dubiya ba ya son gani, kuma wannan ya fi ciwon tayar mana da hankali.

Wata rana na ɗauko jirgin na ajiye a gabansa, na ce ya koya mini. Ya dube ni ya ce, "Kai da ko babur ba ka iya juyawa a lungu?" Tun kwanciyarsa ban ji ya yi magana mai tsawon wannan ba.

Muka ɗora jirgin a kan turmi a tsakar gida muka fara karatu. Rimot ɗin yana da ƙananan sanduna biyu da ake turawa da manyan yatsu. Ta hagu ita ce totur, ta dama kuma ita ke karkata jirgi, ta ɗaga hancinsa ko ta sauke. Na sha faɗa har na ƙoshi, amma daɗi nake ji, don mai faɗa yana da sauran ƙarfi.

Da aka gama cire amfanin gona, Yaya ya yarda ya fita. Muna shirin shiga adaidaita-sahu matarsa ta ja ni gefe. "Don Allah ka lallaɓa," in ji ta. "In jirgin nan ya fashe a gabansa, ba zai ƙara fitowa ba."

A filin na zaunar da shi a kujera kusa da ni, na yi bisimilla na tura totur. Jirgi ya ruga a ƙasa ya ɗaga. Muddin yana tafiya gaba, bin umarnina yake kamar zare a allura, har na fara jin kaina. Matsalar ta zo da na juyo da shi yana fuskantarmu. Ashe in jirgi ya nufo ka, damarka ta zama hagunsa. A kan turmi an gaya mini, a sama na manta. Na tura dama ya yi hagu, na ƙara turawa fiffike ɗaya ya yi ƙasa, ya nufi wata ƙatuwar kuka da gudu. Yatsuna suka sandare, totur yana ƙarshe.

Sai na ji an finciko rigata. Yaya ne ya kama ni ya miƙe, ya jingina da kafaɗata, ya ture yatsana ya ɗora nasa na hagu a kan totur.

"Bar mini wannan," ya ce. "Kai tura wajen fiffiken da ya yi ƙasa. A hankali, Auta."

Ya rage wuta, ni na tura. Jirgin ya daidaita, ya wuce gefen kukar har ganye na motsi. Haka muka sauko da shi, rimot ɗaya a hannun mutum biyu, ya dira cikin kunyoyin wata gona, taya ɗaya ta ɓalle.

Na juyo, sai na ga Yaya yana dariya da karkataccen bakinsa, hawaye na zuba. "Tela," ya ce, "wannan ɗinki naka ya karkace."

Shi da kansa ya gyara tayar da ta ɓalle, da hannun hagu, ya danne jirgin da gwiwa. Kafin azumin shekarar ya buɗe shago. Yau na iya tuƙi ni kaɗai, amma in mun fita har yanzu totur nasa ne.

Ina gode wa Allah da ya sa na rikice a ranar. Da a ce na sauko da jirgin lafiya ni kaɗai, da Yaya ya yaba mini daga kujera ya koma ɗakinsa. Mun yi watanni muna yi masa komai don tausayi, ashe abin da ya rasa shi ne a buƙace shi. Tun daga nan na gane cewa in kana son wanda ya faɗi ya tashi, kada ka ɗauke masa dukkan kaya, ka bar masa gefen da zai kama.